Bokiti Shida a Bayan Kicin

Litinin, 5 ga Mayu
Ganyen ƙasa na tumatir ya yi rawaya a bokiti biyu. Sauran huɗun lafiya lau. Na tsinke na zubar tun kafin wani ya gani.

Laraba, 7 ga Mayu
Babban ɗana ya zo, bai zarce ko'ina ba sai bayan kicin. "Umma, kin gani ko? Ki bar wahalar nan ki dawo wurinmu, ga ɗaki a zaune." Wato don ganye ya yi rawaya, shi ke nan na tsufa. Shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya, da ido kawai nake gane mai ƙarancin jini. Tumatir ne zai gagare ni? Ba inda za ni.

Asabar, 10 ga Mayu
Na sa tabarau na juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙwaro, ba ɗigon baƙi. To yunwa ce. Na zuba taki.

Maƙwabciyata Tela ta leƙo ta katanga: "Yaya, anya ruwan nan bai yi yawa ba? Sau uku nake jin ki a rana." Na ce ta ji da keken ɗinkinta. Ashe ƙirga min take yi!

Talata, 13 ga Mayu
Rawayar ta kai bokiti huɗu yanzu. Har fure yana zubewa.

Alhamis, 15 ga Mayu
Surukata ta turo hoto a waya, ta sa sabon labule a ɗakin. Wai ƙarshen wata za a zo da mota. Na kife wayar.

Juma'a, 16 ga Mayu
Na cusa yatsa cikin ƙasar. Taɓo, har da wari. Da ƙyar na karkata bokitin: huda ɗaya tak a gindi, ita ma ta toshe. Na tona gefe, saiwar ta fara baƙi. Ni da hannuna. Tun da na ajiye aiki, in na rasa abin yi sai in ɗauki buta.

Na zafafa ƙusa na yi wa kowanne huda shida. Ruwa ya yi ta tsiyaya har ƙarƙashin katanga. Tela ta gani, na san ta gani. Ta koma kan ɗinkinta. Da ma ta yi magana, da na samu abin faɗa.

Talata, 27 ga Mayu
Biyu sun mutu. Huɗun sun fito da sabon ganye, kore shar. Ba ruwa sai ƙasa ta bushe.

Ɗana ya zo da motar, ya koma shi kaɗai. Na dai ce zan riƙa kwana can duk Asabar, saboda jikoki, ba don komai ba.

Da hantsi yanzu ina shagon Tela, ina sa mata maɓalli. Ba ta iya ba ne sam, shi ya sa.