Gwaggo Ta Ƙi Yi Wa Tarho Magana

Yaya Alhasan,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Yaya Mariyama da yara? Mu nan Agadas lafiya lau, sai kewarku.

Ka san na daɗe ina bin Gwaggo ta ba ni tarihin ayarin gishiri na unguwarmu in ɗauka a tarho, don ita kaɗai ta rage da ta san madugan nan da sunayensu. Da na ajiye mata tarhon, ta kira sunan kakanmu, sai ta yi shiru tana jira. Can ta ture shi, ta ce, "Wannan abin naki bai iya cewa Allah ya jiƙansa ba. Tara mini mutane."

Haushi ya kama ni, amma na tara. Yaya, ka ga tsohuwa! Ranar Juma'a bayan la'asar tsakar gida ta cika maƙil. Gwaggo ta bi labarin hanyar ayari zuwa Bilma, garin gishiri, rijiya rijiya, wa ya ja ayari, wa ƙishirwa ta kashe, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Duk sunan da ta kira, gida ya ɗauka da addu'a. Wani tsohon maƙeri ya ji sunan mahaifinsa, ya ja rawani ya rufe fuska.

Ka sa ta a addu'a, ƙafa na damunta. Ka gai da mutanen gida.

Zan turo maka muryar da na ɗauka a tarho ranar, amma ka tara yara kafin ka kunna. Kusa da ƙarshe ta kira sunan Baba, ta hana kowa amsawa. Ta ce wannan shirun naka ne, kai za ka cike shi.

Ƙanwarka,
Hadiza