Wa Ke Zare Wayoyin a Wara?

Malama Khaulat, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da ba ya gyaruwa. Na san filinki na na'ura ne. To matsalata rabinta na'ura ce, rabinta mutum.

Ni mutumin Wara ne, garin bakin tafki, neman abinci ya jefa ni Fatakwal, ina gyara kwamfutocin wasu, ina kwana a ɗakin da ko taga babu. Kafin in taho, ni da abokina Benjamin muka buɗe ɗan shago kusa da kasuwa, ana buga takardu, ana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Tare muka tashi. Innata da mahaifiyarsa har gobe wuri ɗaya suke bandar kifi. Na bar masa tsohuwar kwamfutata mai aiki da manhajar Linux, ita ce uwar shagon. Daga nan nake shiga cikinta ta intanet, in gyara abin da ya lalace, in ga yadda aiki ke tafiya. Ita kaɗai ce idona a gida.

Farkon damina sai Benjamin ya sayo katin netwok na biyu, wanda ake cusa wa wayar intanet, na hannu, a Yelwa, ya sa mata bai gaya mini ba. Da na gani na tambaya, ya ce so yake intanet ya shigo ta tsohon katin, ya fita ta sabon zuwa ƙananan kwamfutocin shago. Dabarar ba ta da laifi, ni da kaina na saita masa daga nan. Amma tun daga lokacin ƙofa ta fara rufe mini. Sai in nemi kwamfutar in rasa, kwanaki a jere, can kuma ta dawo kamar ba a yi komai ba.

Ba abin da ban bincika ba. Kwamfutar tana ganin katin, manhajar da ke tafiyar da shi ta hau daidai, a hoton da Benjamin ya turo fitilar katin na kunne. Da na samu shiga na karanta bayanan da take ajiyewa, abin da na gani ya hana ni cin abinci: kafin kowace ɗaukewa, wayoyin katunan biyu ake zarewa, ɗaya bayan ɗaya. Ba wuta ce ta ɗauke ba, muna da sola. Hannun mutum ne.

Idan na kira shi, amsarsa ɗaya, wai hadari. Malama, nan Fatakwal kullum ruwa ake, ban ga intanet ya jiƙe ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanwata Rukayya ta bi ta shagon ranar kasuwa, ranar da ni ina nan a rufe, ta tarar da matarsa Christiana tana ta aiki, ɗalibai cike, intanet lafiya lau. Ke nan ni kaɗai hadarin ke samu?

Ba zan yi masa ƙarya ba. Benjamin bai taɓa cutata ba. Lokacin da Inna ta kwanta, shi ya kai ta asibiti, ni ina nan ina aika gaisuwa ta waya. Amma wanda ya yi nisa, a hankali ake share wurin zamansa, na ga an yi wa wasu. Na riga na gaya wa Jabiru ɗan kawuna, direba ne, ya je ranar kasuwa mai zuwa ya ɗauko mini kwamfutata. Na san in ta fita daga wannan shago a gaban jama'a, abota ta ƙare, kuma tsofaffin nan biyu ba za su ƙara zama inuwa ɗaya ba. Fitar da ni yake son yi, ko ni ne gajiya ta ɓata wa tunani?

Naki, Ɗan Wara a Fatakwal

AMSA

Ɗan Wara, fara da kiran Jabiru ka ce ya dakata. Sauran maganar za ta iya jira, wannan ba za ta iya ba.

Ka yi gaskiya, hannun mutum ne. Amma duba abin da hannun ya yi. Mai son rufe maka ƙofa waya ɗaya ta ishe shi, ta intanet. Mai zare biyun duka wani abu yake tsoro, kuma a bakin ruwa irin naku, inda hadari ke tasowa daga tafki ba shamaki, tsawa ake tsoro. Mutane da dama da sun ga gari ya haɗe sai su zare duk wata waya. Da can rami ɗaya ne a bayan kwamfutarka, duk wanda ya mayar daidai ne. Yanzu biyu ne, kama ɗaya. In aka sauya su, kwamfutar ta ɓace maka har sai wani hadarin ya sa an sake zarewa an dace. Abin da Rukayya ta gani kuwa, mai yiwuwa da aiki ya tsaya sai aka haɗa ƙananan kwamfutocin kai tsaye da rauta, akwatin da intanet ke shigowa ta cikinsa, don kada ɗalibai su watse.

Ban ce haka ne ba, na ce a gwada. Christiana ta ɗaura jan zare a wayar intanet, ta ɗiga jan farce a bakin raminta. Kai kuma ka ɗaure sunan kowane kati da lambarsa ta asali da ya zo da ita daga kamfani, domin tsofaffin Linux kan musanya sunayen katuna idan an sake kunnawa. Ka tabbata tsohon katin kaɗai aka ba hanyar fita waje. Ranar da ta sake ɗaukewa, ka nemi Benjamin ya nuna maka bayan kwamfutar ta kiran bidiyo nan take. In ya nuna, ka ga gaskiya. In ya yi ta zille-zille, zarginka ya samu gindi, sai ka je gida ku zauna ido da ido, ba ka aika direba ba.

Benjamin yana da laifi. Bai kamata ya taɓa kayanka bai faɗa ba, kuma kalmar hadari kaɗai ba bayani ba ce. Ina zaton kunya yake ji, yana ganin katin da ya sayo ne ya ɓata maka kwamfuta. Kai ma da naka: ka karanta duk abin da na'ura ta rubuta, amma a wasiƙarka ban ga inda ka tambayi wanda ke zaune a shagon me yake yi idan hadari ya taso ba.

Kira Christiana yau, ka yi mata wannan tambayar. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya mayar da kai Wara lafiya, ka tarar da tsofaffin nan biyu suna bandarsu wuri ɗaya.

Malama Khaulat