Ambulan Talatin da Takwas da Suka Dawo

Montreal, 2 ga Yuli, 1985
Aikin farko yau: liƙa kan sarki a ambulan tamanin da huɗu.

Zuwa ga Yayata Solange,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Armand da yara. Yaya ƙafar Mama? Ki sa ido, kada ta ce ta sha magani alhali yana ƙarƙashin matashi.

Jiya na sauya gida, kamar rabin garin nan, tunda hayar kowa ɗaya ga Yuli take ƙarewa. Kawu Ovila ne ya zo da motarsa ta kwasar kaya. Shekara sittin da uku, amma shi ya riƙe gindin firji a matakalar ƙarfe har hawa na uku, yana daka mini tsawa: "Ɗaga mana, ɗan Thérèse! Da wannan hannun taliyar za ka ɗaga ƙasa?"

Yaya, ambulan ɗin nan kiran taron tsige shi ne daga shugabancin reshen ƙungiyarmu. Shekara goma sha ɗaya yana kan kujera. Ba wanda ya kai shi son jiharmu Kebek ta ci gashin kanta daga Kanada, na sani, amma ba ya barin kowa ya buɗe baki. Mu ɗari uku ne a da, yanzu tamanin da huɗu. Lucette Paquin, mataimakiyarsa, ta kawo ƙudurin, ni kuma sakatare, ni zan aika. Na sa hannu. Tun safe nake tambayar kaina ko ni butulu ne. Kada ki gaya wa Mama.

Ƙaninki,
Gaétan


Montreal, 20 ga Yuli

Yaya Solange,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗi da kika ce kumburin Mama ya sauka.

Taro ya wargaje, kuma ni na wargaza shi. Dokarmu ta ce sai mutum arba'in da uku sun zo. Talatin da ɗaya na ƙirga a zauren cocin, na sake ƙirgawa har sau uku. Ambulan talatin da takwas sun dawo mini, kowanne da rubutun "ya tashi". Da littafin adireshin bara na yi aiki! Ni da na duba kowane suna da rula, ni da nake zaune a kan kwalayen ƙaurata ina liƙa kan sarki, bai zo mini a rai ba cewa wasu ma sun ƙaura.

Lucette ta tsare ni a gaban kowa: "Sannu, ɗan gidan Kawu! Firji ɗaya ya saye ka?" Shi kuwa Kawu ya buga tebur yana dariya: "Ku da za ku raba ƙasa da Kanada, ba ku san inda junanku ke kwana ba!" Daga nan ya yi mana jawabin awa biyu a kan haɗin kai.

An ba ni kwana goma in sake kira, in ba haka ba ƙudurin ya mutu sai baɗi, sunana kuma ya tabbata na maci amana. Ina zan samo mutum talatin da takwas a birnin nan?

Naki,
Gaétan


Montreal, 22 ga Yuli

Yayata,

Da fatan kun tashi lafiya. A gaishe da Mama.

Da safen nan Kawu ya hawo matakala yana haki, bai ko zauna ba. Ya jefa mini littafin aikinsa, duk maiƙo. Ashe ashirin da tara daga cikin waɗanda suka ƙaura shi ya kwashe musu kaya, sabon adireshinsu na ciki, sauran kuma ya san wanda ya sani. Ya ce, "In za ku kore ni, ku kore ni yadda doka ta ce. Ni na rubuta ta, ba zan zauna da kuskuren sakarai ba." Na ce, "Kawu, ka san inda zan jefa ƙuri'ata." Ya ce, "Na sani. Kai dai rubuta lambar gida daidai." Ya buɗe firji, ya ce ƙofar ta karkace, ya fita.

Haushinsa nake ji, Yaya, fiye da kullum. Da ya ɓoye littafin, da na tsige shi da zuciya ɗaya.

Na gobe:
1. Sayo ambulan tamanin da huɗu.
2. Kai wa Lucette littafin, ta gani da idonta.
3. Neman mutum tara da suka rage.
4. Gyara ƙofar firji.
5. Ambulan ɗin Kawu: ba gidan waya, da hannuna zan kai masa.

Yanzu kina iya gaya wa Mama.

Ƙaninki,
Gaétan