Hannun Malam Isufu

Daren Alhamis, Greensboro

Gobe zan miƙa sunayen mutum huɗu da za su wakilci gundumarmu a gasar kwari da baka. Makinmu haɗe ake lissafawa, kuma suna in ya shiga ba a canzawa.

Ɗazu wajen atisaye a McLeansville, Malam Isufu, gwaninmu, yana jan tsarkiya hannunsa ya hau rawa. Kibiyar ta faɗi gabansa, har sau biyu.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Sanyi ne, Habibu. Rubuta sunana."

Wane sanyi, duk muna gumi?

Da za mu tafi, ya miƙo mini makullin motarsa bai kalle ni ba. Mutumin da ko ɗansa bai taɓa bari ya tuƙa ta ba.