Adireshin da Zan Rubuta a Akwati

Mama,

Ina gaishe ki. Ya jikin Kaka, ya ƙannena? Ina lafiya, abinci ne dai ba ya shiga.

Jiya wata 'yar ajinmu, Winifred, ta ce, "'Yar Kanar, ashe gidanku ya yi sabon maigida!" Na ƙaryata ta. Sai shugabar makaranta ta zaunar da ni, ta ce tunda Baba ya rasu a yaƙi bai bar namiji ba, sarautarsa da gidanmu na Wrenfold sun zama na ɗan baffansa Cuthbert. Mama, mutumin da ko jana'iza bai zo ba? Mu 'ya'yansa mata ukun fa?

An ce mu rubuta adireshin gida a akwatunanmu saboda hutu. Me zan rubuta?

Allah ya ƙara miki haƙuri.

'Yarki,
Rosalind