Sunan Don Hilario a Ƙasan Nawa

Litinin, 3 ga Maris

Kamfani zai mayar da ni reshensa na Texas. Lauyarsu, Madam Treviño, ta ce in takardar zama ta dindindin nake so wa iyalina, sai na shiga a matsayin manaja. Sababbin ɗauka biyar ne kaɗai a ƙarƙashina. Ta yatsina fuska. "Ba su isa ba, Rigoberto. Sai da babban ƙwararre a cikinsu."

Alhamis, 6 ga Maris

Na zana jadawalin ma'aikata. Sunana a sama, na Don Hilario a ƙasa, alhali ba a ƙarƙashina yake aiki ba. Mutumin da ya koya min riƙe sufana shekara sha huɗu da suka wuce. Kompadrena ne, wato shi ya riƙe 'yata Itzel ranar baftismarta. Ko jinkiri ban yi ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Juma'a, 7 ga Maris

Ashe kowa a jadawalin sai ya sa hannu a wasiƙar shaida cewa ni ne ogansa. Na shiga uku.

Lahadi, 9 ga Maris

Gashin nama a gidan Don Hilario kamar kowace Lahadi. Ya zaɓo min tsoka mafi taushi ya naɗe a tortiya, wainarmu ta masara. A bakin wutar na miƙa masa takardar, wai don hayaƙi ya ɓoye min fuska. Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya karanta har ƙarshe, ya sake komawa farko.

"Ashe kai ne ogana, kompadre? Ni kuwa ina ta aikenka sayen gawayi."

Aka yi dariya, ni ma na tusa tawa. Ya sa hannu. Ƙasa-ƙasa ya ce, "Saboda Itzel."

Na ajiye naman ban ƙarasa ci ba.

Talata, 11 ga Maris

Injin fenti ya tsaya. Don Hilario ya harɗe hannu ya ce, "Me oga ya ce a yi?" Babu wasa a muryar. Minti arba'in ina latse-latse, gumi har cikin takalmi, duk masana'anta na kallona. Can ya matso ya gyara a minti biyar. Bai dube ni ba.

Laraba, 12 ga Maris

Matata Maricruz ta ce, "Kowa haka yake yi, Rigo. Ka san makarantar da yarinyar nan za ta samu?" Na sani.

Talata, 18 ga Maris

Ofishin lauya. Na tambaye ta, in aka shigar da ni ƙwararren ma'aikaci kawai fa? Ta ce biza za ta iya fitowa, amma ta dindindin sai a yi shekaru ana jira, ƙila ma ba ta zo ba. Na ce tambaya ce kawai.

Ta karɓi wasiƙun ta ƙirga. Biyar.

"Ina ta shida?"

Ta Don Hilario tana cikin aljihuna, amma na ce na manta ta a gida. Haka zan faɗa wa Maricruz ma, sai dai ita zan ce a ofis na manta.