Kwalbar Baba Ekambi

Douala, 9 ga Disamba

Baba, gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafa, yaya mutanen Eseka? Tunda ka rantse ba ka riƙe waya, ga takarda ta hannun direban bas.

Hankalina ba a kwance yake ba. Na raba giyar ƙarshen shekara ga masu ba mu dakon kaya, yadda ka saba. Ƙananan, jar giya kwalba bibbiyu. Baba Ekambi kuwa, wanda kokonsa na yin cakulan ke riƙe da tirela shida cikin takwas ɗinmu, sai da na shiga kanti uku kafin na zaɓa masa shampen mai akwatin katako. Jiya direbansa ya dawo da ita, ko kintinkirin ba a kwance ba, wai Maigida ya ce an yi ɓatan adireshi. Ga kwangilarmu za ta ƙare ƙarshen wata, bai sa hannu a sabuwa ba. Me na yi masa? Ko in ƙaro biyu?

'Yarka mai biyayya,
Honorine

Eseka, 11 ga Disamba

Honorine, ina gaishe ki. Ƙafa tana nan yadda kika san ta.

Kada ki ƙara ko ɗaya. Wa ya aike ki kanti? Duba ƙasan kabad ɗin ofis, bayan tsofaffin takardu, akwai wata kwalba mai ƙura. Shekarar da na fara dakon kokonsa da mota ɗaya ya ba ni ita, giya ce ta 'yan tebur. Da shekara ta zagayo ba ni da abin ba shi, sai na naɗe ta a sabuwar takarda na mayar masa. Ya gane ta, ya yi dariya har da hawaye. Tun daga nan, bana a wurina, baɗi a wurinsa, shekara ashirin da shida ba wanda ya buɗe. Shampen ta baƙi ce, kin mayar da shi baƙo ke nan. Laifina ne da ban gaya miki ba. Tura masa kwalbarsa yau.

Ubanki,
Nlend

Douala, 13 ga Disamba

Baba, barka da hutawa. A tsaye na karanta takardarka, sau uku.

Ranar da ka miƙa mini makullin ofis, kana tafiya tasha direbobi suka ce sai na wanke sabuwar kujerata da giya. Na laluba kabad, na ga kwalbar, muka buɗe. Ta yi tsami, Baba. Kowa ya kurɓa ya tofar, muka tuttular da sauran a kwata. Kwalbar ma fure na sa a ciki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na zaga gari neman irinta, an ce an daɗe da daina kawo ta. Wani mai kanti ya ce zai cika mini ita ya toshe, ba mai ganewa. In yarda?

Ka yafe mini,
Honorine

Eseka, 15 ga Disamba

Honorine, gaisuwa. Mutumin da ke gane ruɓaɓɓen koko tun ba a kwance buhu ba za ki yi wa wannan? Zubar da furen, ki kai masa kwalbar da ƙafarki.

Ubanki

Douala, 17 ga Disamba

Baba, ina gaisuwa. Na kai, na gaya masa komai. Ya shinshina bakin kwalbar, sannan ya tambaye ni yadda na ji giyar. Na ce ko akuya ba za ta sha ba.

Ya ce, "'Yata, shekara ashirin da shida ina fargabar ubanki ya buɗe ya ɗanɗana abin da na ba shi."

Ya sa hannu a sabuwar kwangilar, lodin kokonsa ranar Litinin. Ya kulle kwalbar a kabad ɗinsa, ya ce in share mata wuri, baɗi tana nan tafe.

Ka huta lafiya,
Honorine